Baƙin allo a shingen soja

Shekarar da soja suka sake karɓe mulki, damina ta riga ta ƙi mu. Kogi ya janye har in ka tsaya kan gada wajen otal ɗin Gaweye sai ka ga rairayi inda dā jiragen masunta ke wucewa. Ni na daɗe da ajiye aikin rijiyoyi, ina zaune gidana a unguwar Bukoki tare da wata tsohuwar ordinatar da Turawan aikinmu suka bar mini da za su koma ƙasarsu. A Kano kwamfuta suke ce wa irinta, amma ko can ban ƙara ganin sa'arta ba. Nauyinta ya kai na keken ɗinki. Ba hoto, ba launi, sai baƙin allo da ake rubuta wa umarni. Ba ta da ma'aji a cikinta, duk hankalinta yana kan wani ɗan faifai da ake kira disket, in ba a zura mata shi ba ba ta tashi. Zafi ya cinye mini sauran, saura ɗaya, kuma an daina sayar da su.

Aikinta neman ruwa. A kafa ƙarafa a ƙasa, a ja waya, a sa wuta daga batirin mota, ita kuma ta zana layi mai nuna zurfin da damshi yake.

Ƙanen matata yana da garka, wato lambu, a tudu gaba da ƙauyen Tondibiya, rijiyarsa ta ƙafe, mangwaro na mutuwa. Shi ya zo ya matsa mini.

"Yaya, ɗauko kishiyar yayata mu je. Ta ci kuran ɗin gidan nan, ta sha mana wutar lantarki shekara da shekaru, yau ta biya."

Muka yi yadda muka saba tun a daji: muka naɗe ta cikin bargo saboda girgizar hanya, muka ɗaure da igiya a bayan motarsa, wayoyi na leƙowa, batir da ƙarafa a gefe. Ban taɓa tsayawa na dubi wannan kaya da idon baƙo ba sai ran nan.

Bayan gari muka tarar da shingen soja wanda ba ya nan a makon jiya. Na sha wuce shingaye a duniya. A Aljeriya takarda suke dubawa ba su dubi fuskarka ba, a hanyar Zariya hira ake har a rabu da dariya. Namu na lokacin soja shiru ne, kuma shirun na sani tun mulkin soja na farko, lokacin da wani maƙwabcinmu ya fita sayen burodi, sai bayan damina biyu ya dawo ba haƙora. Wani soja ya buɗe bayan mota, ya ja da baya, ya kira sarjan ɗinsu da Zabarmanci. Na ji abin da ya ce, don ina jin harshen: akwai waya da batir.

Sarjan ɗin dogo ne, leɓɓansa sun tsage don ƙishi. Na ce masa fofo, gaisuwar Zabarmawa, shi kuwa idonsa na kan kayan.

"Tsoho, mene ne wannan?"

"Ordinatar ce, sarjan. Ta neman ruwa."

"Ordinatar muna da ita a biro, can ofishinmu. Ba a sa mata bargo. Da wa kake magana da ita?"

Na ce ba ta magana da kowa. Ya ce in sauke in kunna, in kuwa ba ta nuna ruwa ba, ni da ita za mu wuce bariki, can akwai masu tambaya. Ƙanen matata, mai bakin nan, ya tsaya kamar an dasa shi.

Na durƙusa a rana na haɗa batir, na zura disket, na danna. Abin da na manta shi ne yadda take tashi. Kafin komai sai ta ƙirga ƙwaƙwalwarta, lambobi na gudu a kusurwar allo, sannan ta yi ƙara ɗaya siririya. Na gani sau dubu ban kula ba. Da lambobin suka fara gudu na ji ƙarar ƙarfe a bayana, an ɗana bindiga. Ban waiwaya ba.  Na ce da Faransanci, na sake da Zabarmanci, na sake da Hausa, cewa gaisuwarta ke nan, ba abin da zai fashe. Ta yi ƙararta. Ba wanda ya motsa.

Sai ta ƙi karanta disket ɗin. Ta yi gurnani, ta rubuta da Ingilishi cewa ta kasa, in sake ko in bari.

"Me ta ce?"

"Ta ce zafi ya yi mata yawa."

"Mu ma."

Na roƙe shi ya bar mu mu kai ta inuwar wata bishiyar bedi. Na cire rawanina na jiƙa da ruwan shanmu, na shimfiɗa a bayanta, ina yi mata fifita da hula. Sojan da ya ɗana bindiga ya zo ya tsaya kaina. Da ya yi magana na ji Hausar mutanen garin Tawa ce.

"Baba, roƙi Allah ta tashi. Wanda aka kai bariki jiya akwatin rediyo kawai gare shi."

Ban san tsawon zaman ba. Na tuna dai ban gaya wa matata inda za mu ba, kuma maganin hawan jinina yana gida. Da bayanta ya huce na hura disket ɗin, na yi bisimilla, na sake zurawa. Ta yi gurnani, ta yi shiru, ta kama. Na rubuta umarni, na fito da awon wata tsohuwar rijiya. Layi ya fito, ya gangara, ya hau.

Sarjan ya sunkuya ya daɗe yana kallo.

"Ina ruwan?"

Na nuna masa inda layin ya faɗa.

"Ni hanya nake gani da kwana. Taswirar ina ce?"

Na rantse masa cikin ƙasa ne. Ban ga alamar ya yarda ba, ban kuma ga alamar yana son ɗaukar wannan nauyi zuwa bariki cikin rana ba. Ya ce in ciro abin da na zura. Ya juya shi, ya buɗe ƙarfen bakinsa da farce, ya taɓa cikin da babban yatsa. Na san taɓawar nan kaɗai tana iya kashe disket. Ya sa a aljihun gaba.

"Shugabanmu zai duba. Gobe ka zo bariki ka karɓa, kai kaɗai. Ko kuwa ka bi shi yanzu?"

Na ce gobe ta yi.

Muka juyo gari, ba mu ƙarasa garkar ba. Sai da muka shigo Bukoki ƙanen matata ya buɗe baki.

"Yaya, za ka je?"

"Kai za ka je?"

Ya sauke ni da kayana a ƙofar gida, ya ja motarsa. Washegari ban fita ko masallaci ba, duk motar da ta tsaya a ƙofa sai in leƙa ta kafar ƙyaure. Haka na yi kwanaki. Ba wanda ya zo, ni ma ban je ba. Ƙanen matata kuwa ya kira mahaƙa suka haƙa inda idonsa ya ba shi, suka tarar da dutse.