Owona da Kwamfutar da Bai Taɓa Mallaka Ba

Ba Owona Mvondo ne ya rubuta manhajar lissafin ambaliyar ba. Malaminsa ne ya rubuta ta a Yawunde, ya rasu bai bar bayani ba. Aikin Owona shi ne ya shirya ta yadda za ta hau kowace irin kwamfuta, ya aika da ita rumbun da masu bincike ke ɗauka kyauta. Ba a tuna shi sai ranar da abu ya lalace.

Dokar rumbun a fili take: za a gwada manhaja a kan tsarin kwamfuta uku, in ta faɗi a ɗaya a cire ta. A biyu lissafi yana fita daidai. A na uku, wanda Owona bai taɓa mallaka ba, tsayin ruwan kogi yana ɗan saɓawa. Sai ya yi gyara a makance, ya aika, ya jira, amsa ta dawo an faɗi. Wa'adi kuma yana matsowa.

"Fasto," in ji Ngo Bassong, abokiyar aikinsa mai tsokanarsa da wannan suna, tana kwance ganyen bobolo, dafaffen rogon da za ta ci, "goge gwajin nan mu huta. Kogin ne zai kai ƙararka?"

"In saɓanin ba komai ba ne, na yarda. In kuwa kuskure ne, wani zai gina gada a kansa. Ban san wanne ba ne, 'yar'uwa."

"To, je kabari ka tambayi malaminka."

Hujjar Owona ingantacciya ce, domin goge gwaji ba ya gyara lissafi, toshe bakin shaida ne kawai. Sai dai ingancin hujja ba ya samar da kwamfuta. Mutum ɗaya ke da irinta a sashensu, ya tafi da ita Duwala. Owona ya roƙi masu rumbu ƙarin lokaci, suka amsa cikin ladabi cewa dokar ba ta ware kowa ba.

Aka cire manhajar. Ɗalibai suka koma karɓar tsohon kwafi hannu da hannu, wanda ba a ƙara gwada shi a ko'ina.

Wata safiya wata ɗaliba ta miƙo masa filashi. "Malam, an ce a wurinka zan sami manhajar. Jarrabawata ta kusa."

Owona ya daɗe yana kallon filashin. Ya karɓa, ya kwafa mata.