Ranar da Na Kasa Amsa Sallamar Kawu

Ko na tsufa har haƙora suka zube, ba zan manta da ranar da na fara zaman jarrabawar satifiket ɗin manhajar kwamfuta ta Linux ba. Lokacin ban cika shekara ashirin ba. Wani kamfanin intanet a Kano ya yi mini alkawarin aiki idan na kawo takardar, ni kuwa na ƙosa in bar gyaran waya a kasuwar Rano.

A gida ake zaman jarrabawar, mai sa ido yana kallonka ta kyamarar kwamfuta daga wata ƙasa. Dokarsu ita ce ba magana, kuma kada kowa ya shigo ɗakin. Na tanadi komai: na aro janareto, na gwada sabis a kowane lungu, har akuyar Inna na kai maƙwabta don ta fi lasifika murya. Mutane ne kawai ban yi wa bayani ba, wai a ganina ba za su gane ba.

Ina tsakiyar aiki sai na ji, "Salamu alaikum!" Kawuna ne, yayan Inna, ya taso daga Fassi. Na yi gum. Ya sake sallama, da muryar da yake kiran shanu da ita.

Sai ya ɗaga labule. "Kai, ɗan nan! Kurma ka zama, ko bokon ne ya hana amsa sallama?" Ya leƙo ta kafaɗata, ya ga baƙin allo da farin rubutu. "Ikon Allah! Ko hoto babu, kuma shi ya fi ni?"

Nan take mai sa ido ya rufe jarrabawar. Kawu ma ya juya, ko ruwa bai sha ba.

Inna ta ce, "Jarrabawa ana sakewa. Tashi ka bi shi."

Washegari na hau acaɓa zuwa Fassi, na durƙusa na zayyana masa komai. Ya shafa gemu, ya ce, "To don me ba ka faɗa ba? Mu jakuna ne?"

Dama ɗaya ta rage mini. Ranar da zan sake zama, tun da hantsi Kawu ya iso, ya shimfiɗa buzunsa a zaure, ya ɗora sanda a cinya. Duk wanda ya yi sallama sai ya amsa ƙasa-ƙasa, ya ce, "Na amsa masa. Zauna nan, yaro yana aiki." Har mai unguwa sai da ya jira.

Na ci jarrabawar, na kuma samu aikin. Tun daga ranar na daina yanke wa mutane hukuncin cewa ba za su gane ba alhali ban buɗe baki na gaya musu ba.