Akuyar Alƙasum

Ranar da Alƙasum ya fara taimama, hadari ya haɗu a gabas baƙi ƙirin, iska ta zo ta watsa shi. Ko ɗigo bai sauka a Tawa ba. Lokacin fari na biyu ne, zamanin soja.

Alƙasum maƙwabcina ne, makiyayi daga Takanamat. Farin farko ya cinye masa dabbobi kaf, ya shigo gari ya kama gadi a gidan wata ungozomar asibiti. Da aka canza mata wurin aiki, ta bar masa wani fure ja jawur cikin babban gwangwanin tumatir. Bai san sunansa ba, ni ma haka. Akuya yake ce masa.

Ba shi da ruwan ban fure, sai ya yi dabara: bisa gwangwanin yake alwala. Abin da ya zubo daga hannu da fuska, shi akuya ke sha. Ta kuwa yi kyau.

Nakan tsokane shi, "Alƙasum, yaushe za a tatsi akuyar ga?"

Sai ya ce, "Kai dai bari, Inusa. Ta hi ka tsare salla."

Da rijiyoyi suka ƙafe, dangi suka sauko masa daga arewa da ƙananan yara. Matarsa Lalla takan wuni a layin famfo ta dawo da rabin tulu. Rannan da azahar ta karɓe butar daga hannunsa.

"Malam, ɗiya na kukan ƙishi, kai kana ba icce?"

Ya tafi wurin liman, na raka shi. Liman ya ce in dai ruwan na sha ne, ya yi taimama.

Alƙasum, da akuyarsa a rai, ya ce, "To, ita hwa?"

Liman ya ce, "Ita ma Lalla ta yi taimama."

Muka dawo. Ya durƙusa gefen gwangwanin, ya buga tafukansa a ƙasa. Gidana ma tulun haka yake, ban da abin ba shi. Ya riƙa ɗaukar akuyar daga inuwa zuwa inuwa, ganye na zuba.

Ya ce mini, "Shanu dai na kora su kudu kahin su mutu. Wagga ina zan kai ta?"

Ta bushe tun ruwa bai sauka ba.

Yanzu Alƙasum na Barmu wurin ɗiyarsa Huseina, idanu sun tafi. Gwangwanin na gidana, kaji ke shan ruwa ciki.