Gurbin Amshin da Hambali Mai Gurmi Ya Bari

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Alhamis, 22 ga Yulin 2021, kwana biyu bayan Babbar Sallah, Allah Ya karɓi ran Hambali Nasir Gwammaja, wanda aka fi sani da Hambali Mai Gurmi, a wani asibiti a nan Kuala Lumpur, bayan korona ta kwantar da shi. Ya bar matarsa Ruƙayyatu da 'yarsu Walida a Kano. Ni Salisu, da muke zaune gida ɗaya a unguwar Cheras, ni aka kira aka shaida wa. Bana na gaji da ɗaga waya, na gaji da cewa Allah Ya jiƙan wane. Ban kawo wa raina cewa zan faɗa a kanka ba.

Hambali, ka daɗe kana kiɗa a gidajen biki, da 'yan amshinka a bayanka, kafin ka rataya gurmi ka taho nan yin digiri na biyu a kan rubuta waƙa. Har ni sai da na yi maka dariya. Na ce wa ya taɓa ganin kifi ya je makarantar iyo? Ka ce, "Duk abin da na rera iska ce take kwashewa. So nake in ga ko waƙata za ta iya tsayuwa a takarda in ba na wurin." Wannan tambayar ce ta raba ka da iyalinka, ita ce kuma ta hana ka sakat har ƙarshe.

Ajin naku yana da al'ada: mai waƙa zai karanta, ba rerawa, ba kiɗa, sannan ya ja bakinsa ya yi shiru 'yan aji su yi wa waƙar filla-filla. Ranar farko ka dawo kamar wanda aka kwance wa zani a kasuwa. Ka ce kan hannuwanka ka zauna don kada su fara kaɗa tebur. Malamarku, Dakta Rohani, ta bi baitocinka ta tsince duk wani "wayyo" da "ya jama'a" da kake cike gurbi da su, abin da ya rage bai kai rabi ba. Ka yi kwanaki kana fushi, daga baya ka ce mini, "Matar nan gaskiya ta faɗa. Ashe gurmi ne ya daɗe yana rufa mini asiri." Girman kai bai hana ka koyo ba, kuma na ga manyan da ya hana.

Abu ɗaya ne ka ƙi saki. Bayan kowane baiti sai ka bar fili fari, ba ko ɗigo, ka ce wurin 'yan amshi ne. Dakta Rohani ta ce mai karatu ba ya amshi, kuma masu duba kundinka za su ɗauka ɓarnar takarda ce, suna iya mayar maka da shi. Ka ce a garinku ba a waƙa mutum ɗaya. Ta ce a takarda kowa shi kaɗai ne. Kun shekara kuna wannan ja-in-ja cikin mutunci, ba wanda ya kayar da wani.

Sai kullen korona ya zo. Aji ya koma cikin kwamfuta, kowa a ɗan akwatinsa, kowa ya toshe makirufo. Ina jin ka daga ɗakina: ka karanta baiti, ka tsaya a gurbin nan, shiru. Ka ci gaba, ka sake tsayawa, shiru. Rannan ka fito falo ka zube a kujera ka ce, "Wallahi Salisu, kamar ina magana a rijiya." Daga nan ka naɗa ni ɗan amshi, ni da na zo karatun injiniya, da muryata wadda ka ce ko goron biki ba za a ba ta ba. Kalma huɗu ka koya mini: "Muna nan, muna ji." Ina tsaye a bakin ƙofa inda kyamara ba ta kai ba, in ka tsaya in amsa. 'Yan ajinku suka yi ta dariya, malamar ta girgiza kai ta ƙyale mu.

Ba ni kaɗai ka ja ba. Paulina, 'yar Kafanchan mai waƙa a majami'a, aikinta na otal a Bukit Bintang ya tsaya, ta kulle kanta ba ta ɗaga wayar kowa. Kai ba ka ce mata ta yi haƙuri ba. Cewa ka yi kana neman taimako, amshin Salisu zai kashe ka. Ta riƙa amsa maka ta waya, har ta dawo cikin mutane. Da maƙwabta suka fara rataya farin ƙyalle a taga, alamar abinci ya ƙare, kai ne mai leƙa tagogi. Sai ka sauka wurin mamak, mai sayar da abinci, ka ce a yi maka tapau, wato a ƙulla maka a leda, ka rataye a ƙofar mutum, ka ƙwanƙwasa, ka bar wurin kafin a buɗe. In na ce ka riƙa kiyaye kanka, sai ka ce da harshen mutanen nan, "Boleh lah, ba komai, ai da takunkumi."

Saura kaɗan ka miƙa kundin zazzaɓi ya kama ka. Abin da ya fara tafiya numfashi ne, kai da kake jan baiti har mai sauraro ya gaji ba ka shaƙa ba. Ba a bar ni na shiga wurinka ba. Ranar jana'iza ma'aikata ne cikin fararen kaya suka sallace ka, suka sa ka a makwancinka, ni ina can nesa bayan shinge. Mutumin da bai saba buɗe baki ba sai da jama'a a bayansa, ga shi ya tafi ba sahun 'yan'uwa. Wannan ya ci ni, har yanzu yana ci na.

Bayan mako guda Dakta Rohani ta tara ajin, ta ce in shigo. Ita ta karanta waƙarka ta ƙarshe, a fassararka ta Turanci, da muryarta ta malamai, ba gurmi, ba kai. Ta kai ƙarshen baitin farko ta tsaya. Na buɗe baki in amsa, murya ta ƙi fita. Can sai wata 'yar ajinku, Kavitha ta unguwar Brickfields, ta buɗe makirufo ta ce da karyayyar Hausa, "Muna nan, muna ji." Ashe duk tsawon kullen nan suna haddacewa. A baiti na biyu kowa ya buɗe. Intanet tana jan ƙafa, wani ya riga, wani ya makara, amshi ya fito a warwatse, irin wanda da kana nan da ka tsayar da kiɗa ka yi faɗa. Da aka gama, malamar ta cire tabarau ta ce kundin zai je gaban masu dubawa yadda ka bar shi, ba za a taɓa gurbi ko ɗaya ba. Ta tsaya, Hambali. Waƙar ta tsaya ba ka wurin.

Allah Ya jiƙan ka, Ya yafe maka kurakuranka, Ya yalwata kabarinka a wannan ƙasa ta baƙunci, Ya karɓe ka cikin shahidai. Abincin da ka rataya a ƙofofin mutane, Allah Ya sa ka tarar da shi. Ina miƙa ta'aziyya ga mahaifiyarka, da 'yan'uwanka na Gwammaja, da 'yan amshinka na gida, da Ruƙayyatu, Allah Ya ba ku haƙurin da ya fi ƙarfinmu. Gurminka yana wurina, zan kawo shi da hannuna in an buɗe hanya.

Ke kuma Walida, in kin girma kin buɗe littafin babanki kin ga fili fari bayan kowane baiti, ba kuskuren maɗaba'a ba ne. Wurinki ne ya bar miki. Ki amsa masa.