Kunnen da Duk Sakkwato Ta Ja

Ban fi shekara takwas ba lokacin da aka fara murɗe mini kunne a gaban kyamara. Wani maƙwabcinmu a Hubbare, ma'aikacin gidan talabijin, shi ya ji ni a ƙofar gida ina kwaikwayon mai tallar fura da mai ga-ruwa, har da tarin tsohon da ke gyaran takalma a bakin lungunmu. Ya roƙi mahaifina ya ba shi arona. Mahaifina malami ne, kakana ma haka, amma ya ce yarinta ce, za ta wuce. Allah Ya jiƙansa, ba ta wuce ba.

A wasan ni ne autan gida mai tsame nama a tukunya. Kowane mako labarin yakan ƙare da uban wasan ya cafke kunnena ya murɗa, ni kuwa in ƙwalla ƙara ina tsalle da ƙafa ɗaya. Wannan ƙarar ce ta sa aka san ni. Daga nan kunnena ya zama na jama'a. In an aike ni kasuwa, mahauci sai ya ja. Tsohuwar da ban taɓa gani ba sai ta ja, ta ce in yi mata kukan nan. Da farko daɗi nake ji, don har tsire ake ba ni. Daga baya na fara tafiya da hula a dafe har kan kunnuwa, a zafin Sakkwato, ina gumi ina zagin mutane a zuci.

Sai muryata ta fashe, ƙafafuna suka yi tsawo. Wata rana na je ɗaukar wasa na tarar da wani ƙaramin yaro sanye da rigata. Babu wanda ya yi mini bayani. Na koma gida na yi kuka na gaske, wanda ba mai dariya.

'Yan uwa suka yi hamdala, a zatonsu zan koma kan buzu in ɗauki littafi. Littafi na ɗauka, na yi karatuna daidai gwargwado, amma bakina bai daina ƙaiƙayi ba. Na shiga barkwanci a wuraren biki da tarukan ɗalibai, inda in ba ka ba mutane dariya ba, su za su yi maka ita. Daga nan na faɗa gidan rediyo, da kuma sa murya a fina-finan da ake fassarawa. Ɗakin ɗaukar muryar ɗan ƙarami ne, an manna katifa a bango, an kashe fanka don kada ƙararta ta shiga. A ciki na zama sarki, na zama ɓarawo, na zama jaki a zanen yara. Wanda ya fi karɓuwa shi ne wani tsohon wanzami mai mita, da ake sa shi a rediyo bayan la'asar. Babu abin da ke burge tsohon nan, daga farashin gero har askin samarin zamani. Mutane sun ɗauka wani dattijo ne aka ɗauko daga ƙauye. Ni kuma ban gyara musu ba, don karo na farko ke nan da ake son aikina ba a taɓa jikina.

A wannan lokacin na haɗu da yarinyar da na so in aura. Karatun malanta take yi, gidansu a Gawon Nama, mahaifinta babban ɗan kasuwar albasa ne. Ita ce kaɗai ke iya ba ni dariya ba tare da ta yi ƙoƙari ba. Na so ta ƙwarai, ba zan ɓoye ba.

A al'adarmu saurayi ba ya zuwa neman aure da bakinsa. Manyansa yake turawa, abin da suka ɗauro kuwa ya ɗauru. Mahaifina ya riga ya rasu, don haka baffana, ƙanensa, shi ya jagoranci tafiyar. Da suka dawo ya kira ni zaure, fuskarsa a sake.

"An ba ka," ya ce. "Amma da sharaɗi, kuma mun amsa."

Ashe da aka zo tambayar sana'a, baffa ya ce ma'aikacin gidan rediyo ne, ya so ya wuce. Sai wani daga cikin dangin yarinyar ya ce ai shi ne yaron nan na talabijin. Mahaifinta ya ɓata fuska ya ce ba zai ba da 'yarsa ga mutumin da duk Sakkwato ta ja wa kunne ba, sai dai in bar wasa in zo in zauna a rumfarsa.

"Baffa, da bakin wa kunka amsa?" na ce.

"Da bakin ubanka. Magana zarar bunu ta, ba a maishe ta. Albasa dai ba ta ja ma kowa zagi ba."

Raina ya ɓaci. Ba albasar na raina ba, kowa da kiwon da ya karɓe shi. Abin da ya ƙona ni shi ne an zauna an yanke mini harshe ba na wurin, an kuma shafa fatiha a kai.

Na kira yarinyar a waya. Ta ce, "Ka amsa mana. In anka ɗaura, sannu-sannu sai ka koma aikinka. Baba ba shi sani, ai ba a ganin fuska."

Na gane tsoro ne ya sa ta faɗi haka, kuma har yau ban riƙe ta da shi ba. Amma na yi shekaru ina ɓoye kunne a cikin hula. Ban ga yadda zan shiga gidan aure ina ɓoye murya ba, ina satar hanya zuwa aikina kamar mai zuwa caca.

Sai na yi abin da ba a yi. Na sa babbar riga, na hau babur, na tafi wurin mahaifinta da kaina bayan la'asar. Tun daga waje na jiyo rediyo, na kuma jiyo dariya. Yana kishingiɗe a zaure shi kaɗai, rediyon a kan cikinsa, tsohon wanzamina yana mita a kan matasan da ke aske gefe su bar tsakiya. Dattijon yana dariya har da share hawaye da bakin rawani.

Na yi sallama na durƙusa. Ya gane ni, ya tsuke fuska, amma bai kashe rediyon ba. Na san abin da wanzamin zai faɗa gaba, tunda ni na faɗe shi a ɗakin katifa. Sai na buɗe baki na faɗe shi tare da rediyon, da muryar, da tarin, da tsakin ƙarshe.

Ya dube ni, ya dubi rediyon. Sannan ya murɗa ya kashe.

"Kai na?"

"Ni na, Baba. Wanga aikin shi anka ce in bari. Na zo in hwaɗa maka da bakina, ba ni bari nai. Ina son ɗiyarka, kuma da shi za ni ciyar da ita, halal na."

A fim, nan ne dattijo zai rungume ni. Wannan ba fim ba ne. Ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce, "Tsohon ga yana ba ni dariya, ban musa ba. Amma abin dariya daban, suruki daban. Tashi ka tahi."

"To, Baba. Allah Shi bar mu da lahiya."

Haka aka fasa. Baffa ya yi watanni bai amsa gaisuwata ba, ya ce na kunyata shi a gaban mutane, kuma gaskiyarsa ne, na kunyata shi. Ita kuma an aurar da ita ga wani ma'aikaci a Wamakko. Ranar da aka kai ta ina ɗakin katifa ina yin muryar jaki, sai da aka sake ɗauka sau da yawa. Abin ya yi mini ciwo, har yanzu in na tuna yakan taɓa ni. Amma da za a mayar da ni zauren nan, abin da na faɗa shi zan sake faɗa.

Abu ɗaya ne ban gaya wa baffa ba. A ranar, da na fito daga zauren, na tsaya ina neman makullin babur a aljihu, idona cike da ƙwalla. Ban kai ga tayar da shi ba na ji dattijon ya sake kunna rediyon, a hankali, ya rage murya don kada in ji.