Sallamar da Na Yi a Bakin Gangare

Maigidana mai aikin lambu ne a wata istiraha, wato gidan shaƙatawa, bayan Jidda. Kafilinsa, wato ubangidansa, ya sayo injin yankan ciyawa da ake hawa, babu sitiyari sai sanduna biyu, kowane hannu da tasa. Ranar da na kai masa abinci, na tarar da shi kan injin a gangare, magudanar siminti mai zurfi a ƙasansa. Na ɗaga murya na yi sallama. Ya saki sandar dama ya ɗago mini hannu, sai injin ya juya ya nufi ramin. Kwanon ya suɓuce mini, bakina sai salati. Da ƙyar ya tsayar da shi.

"Halas, uwar yara, ya wuce," in ji shi.

Har yau ba na yi masa sallama sai na ji injin ya mutu.