Garkuwar Malam Sannu

Tun tana budurwa take wanki a bayan asibiti, inda tururi ke tashi kamar gajimaren da ya ɓata hanya. Uwar Wanki ake ce mata. Zannuwan gado masu jini ta hannunta suke bi su fito fari tas. Ko mura ba ta taɓa kwantar da ita ba, kuma ba ta bari a manta.

Mijinta yana tura keken marasa lafiya a asibitin. Yau ciwon baya, gobe na gwiwa, har aka laƙaba masa Malam Sannu.

Bayan an yi wa ma'aikata rigakafin ciwon hanta, aka ce za a ɗebi jinin kowa a ga ko allurar ta kama. Wanda garkuwarsa ba ta kai ba, ba zai taɓa kaya masu jini ba sai an sake masa. Uwar Wanki ta shirya kamar mai jarrabawa. Ta ci nama, ta sha madara, har ta sam wa mijin romo don kada ya kunyata gida.

Ran da sakamako ya fito, yarinyar ɗakin gwaji ta yi ta sosa kunne.

“Mama, naki bai kama ba. Na Baba kuwa ya cika har ya tumbatsa.”

“'Yar nan, kin musanya kwalaben. Wannan da iska ke kayarwa?”

“Ba ƙarfin damtse muke aunawa ba, Mama. Wani jikin sai an maimaita masa yake amsawa.”

Aka sake mata allura, aka zaunar da ita kan kujera tana ninke tawul. Ta ji kamar an cire mata hannu. Da aka nemi mai riƙe mata wanki, shugabar ma'aikata ba ta yi nisa ba, ta nuna mijin.

Malam Sannu ya zura safar hannu ta roba, ya dubi tulin zannuwa, ya dafa ƙugu.

“Uwar yara, bayan nan nawa...”

“Malam, likitoci sun leƙa cikinka, sojoji ne fal. Murza.”

A kwana na uku ta gano kujera ba abokiyar gaba ba ce. Ga iskar taga, ga shayi, ga miji yana aiki.

Da lokacin sake awo ya yi, shi ya riga ta zuwa layi, ya kama mata wuri, yana ta yi wa jininta addu'a. Ita kuwa ta taho a hankali, tana dafa gwiwa.